Kajin Bayan Kicin

Shekara talatin da ɗaya Mai Fenti ya yi yana haɗa launi a gareji, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa dawo masa da mota an ce ƙofa ta fi sauran jiki duhu ba. Ba ya duba takardar lambobin kamfani. Sai ya sa a turo motar cikin rana, ya tsuguna, ya runtse ido ɗaya, ya daɗe yana kallonta kamar mai jiran ta yi magana, sannan ya shige ɗakin gwangwanaye ya fito da abin da ake nema. Da ƙirjinsa ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, a asibiti aka ce masa ya zaɓa, ko feshi ko numfashi. Ya zaɓi numfashi. Ya dawo gida da ido mai kaifi da hannun da ba shi da abin yi, sunan ne kawai ya biyo shi.

Wata uku ya yi yana takura wa matarsa. Ita unguwa duka Ungozoma ake ce mata, don rabin yaran layin a hannunta suka faɗo, a ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwa. Shi ma haka yake kiranta, sai in rai ya ɓaci ya ce "ke". Ya sake mata jeren tukwane ba ta sa shi ba, ya yi wa ƙofar banɗaki fenti sau biyu, ya fara ba ta shawara a kan gishirin miya. Ranar da ya ce labulen falo bai dace da kujeru ba, ta ajiye cokali ta ce, "Malam, don Allah ka nemi abin yi, kafin ɗayanmu ya yi abin da maƙwabta za su ji."

A wannan makon wani tsohon abokin aikinsa ya ja shi kallon gasar ƙungiyar masu kiwon kajin ado, wadda ake yi sau ɗaya a shekara a babban ɗakin taron wata makaranta. Ya shiga yana toshe hanci. Ya wuce masu tukku, ya wuce masu gashi a ƙafa kamar sun sa safa, bai tsaya ba. A keji na ƙarshe ya ga wata kaza ruwan toka mai ɗan shuɗi-shuɗi, kowane gashi nata an zagaye bakinsa da siririn layi mai duhu. Ya tsuguna, ya runtse ido ɗaya. Abokin ya gama zagaye ya dawo, ya same shi a nan.

Ya shiga ƙungiyar, aka ba shi ɗan littafin ƙa'ida mai shafi takwas, ya haddace shi a kwana biyu. Ƙa'idar toka ba ta da sassauci. Launi ya zama ɗaya tun daga ƙirji har bindi, kada ya yi haske a nan ya yi duhu a can. Layin bakin gashi, wanda 'yan ƙungiya ke kira kwalli, ya fita tsaf a kowane gashi, bai yi kauri ba, bai yanke ba. Farin gashi ɗaya a fiffike ya isa ya rage maki. Ja ko tsatsa a wuya, an fita gasa. Alƙali yana da ikon shafa kaza da farin ƙyalle mai ɗanshi don ya kama mai rini, yana kuma hura gashin ya ga ko an fige wani. Mai Fenti ya karanta wannan ya ji daɗi. Ga wurin da ido yake da daraja.

Ya gina akurki shida a tsakar gida ta gaba, da siminti da waya, ya ja ragar inuwa a sama don rana tana sa toka ya yi tsatsa. Ya sayo zakara da kaza biyu, duka toka, ya sayo ƙaramin injin ƙyanƙyasa. Ƙwai goma sha biyu ya sa a karon farko. Bayan kwana ashirin da ɗaya ya buɗe, ya ga shida toka, uku baƙi wuluk, uku kuma fari-fari da ɗigon toka barkatai.

Ya zagi wanda ya sayar masa har ya gaji. A saninsa, launi ba ya ƙarya. Toka a fenti baƙi ne da fari, wannan kowa ya sani, amma in sun haɗu sun haɗu, babu mai raba su har abada. Ka zuba toka a kan toka sau dubu, toka za ka samu. Saboda haka in kaza toka ta haifi baƙi, to akwai datti a jininta, datti kuwa tacewa ake yi. Ya sa wa baƙaƙen suna gawayi. Fararen masu ɗigo ya ce musu tsumma, don sun yi masa kama da tsumman da yake goge hannu a gareji. Ya zuba su a kwali, ya miƙa wa Ungozoma.

"Ga na miya. Amma kada in gan su a gaba."

Ta kai su bayan kicin, wani ɗan fili tsakanin famfo da katanga inda take shanya. Ta kewaye musu da tsohon ƙarfen gado da buhuna.

Haka aka yi ta yi. Ya zaɓi toka mafi kyau ya haɗa da toka mafi kyau, ya jira, ya buɗe inji. Rabi toka, sauran gawayi da tsumma. Ya sake tacewa. Shekara ta biyu haka, ta biyar haka. Kwali yana ta wucewa ta kicin da sassafe kafin baƙi su zo. A ƙungiya kuwa, ranar da aka tambaye shi ko shi ma yana samun ɓatattu, bakinsa ya riga shi, ya ce a'a, nasa ya tatu. Ba shiri ya yi ba. Ya faɗa ne kamar yadda tela yake cewa gobe. Amma da ya ga yadda aka dube shi, bai iya janyewa ba. Kafin shekara ta fita ya rubuta allo da hannunsa ya kafa a ƙofar gida: TOKA ZALLA.

Duk da haka kofin gasar bai zo ba. Na biyu yake yi, wani lokaci na uku. Kwallin kajinsa yana yankewa a ƙirji, shi ma ya sani, ya fi alƙalin gani. Ya san kuma cewa da ɗan buroshi mai gashi uku da abin da ba ya kama ƙyalle, zai iya gyara wannan a minti goma. Bai taɓa yi ba. Yakan tuna wa kansa haka sau da yawa, musamman in ya dawo daga miƙa kwali. Mutumin da bai taɓa shafa wa kaza launi ba ai ba maƙaryaci ba ne. Da wannan ƙaramar gaskiya ya riƙa rufe babbar ƙaryar, kuma ta rufu.

A shekara ta bakwai famfon baya ya fara ɗiga. Ungozoma tana asibiti, ya ɗauki sifana ya ratsa kicin, abin da ya daɗe bai yi ba. Yana tsugune sai ga wata tsumma ta fito daga ƙarƙashin buhu da 'yan tsaki tara a bayanta. Ya ƙirga da ido. Tara, kuma duka toka. Babu baƙi, babu fari. Can gefe ga wasu 'yan sagara da suka fara gashi, toka su ma, kwallinsu ya fita kamar an ja da rula. A kan ƙarfen gado wani zakara baƙi yana tsaye, gashinsa yana walƙiyar kore, yana kallonsa a karkace.

Sifanar ta faɗi. Ya duba katanga ko akwai ramin da zakaransa na gaba yake bi, babu. A bayan nan babu namiji sai gawayin nan, babu mata sai tsummoki. Abin da ya yi shekara bakwai yana nema, ga shi yana tsattsaga a ƙarƙashin igiyar shanya.

Bai tambayi kowa ba. Tambaya tana nufin ya faɗi inda ya gani. Washegari da hantsi, bayan Ungozoma ta fita, ya koma ya ɗauki ƙwai huɗu daga kwandonta ya sa a injinsa. Duka suka fito toka. Ya sa musu zoben ƙungiya a ƙafa, ya cike katinsu, a wurin uba da uwa ya rubuta lambar shahararren zakaransa da kazarsa na gaba. Ya zaɓi ɗaya, ya yi mata wanka da ruwan ɗumi, ya busar da ita a inuwa, ya goge mata ƙafa da auduga. Ta ci kofi. Shekara huɗu a jere yana ci. Kofunan suna kan kabad a falo, kowace Asabar sai ya goge su, Ungozoma tana zaune tana tsince wake.

Abin ya ɓaci ne ta hannun Mai Kemis, wani ɗan ƙungiya mai faɗin baki da ke da shagon magani a bakin titi. Ya nace sai an sayar masa da zakara da kaza daga cikin toka zallan nan. Mai Fenti ya yi ta zillewa, daga baya ya ba shi. Bayan wata biyu Mai Kemis ya tare shi a bakin shago.

"Malam Zalla! Zo ka ga jikokinka. Biyu kamar an tsamo su daga bakin injin mota, uku kamar an yi musu amai."

"Ka duba shingenka," in ji Mai Fenti. "Zakaran maƙwabta ne yake shigar maka."

Mutumin ya je ya ƙara waya, ya rufe sama, ya sa kwaɗo. Ya sake ƙyanƙyasa, aka sake samun haka. A taron ƙungiya na wata ya miƙe gaban mutum talatin ya ce abu biyu ne, dole ɗaya. Ko Mai Fenti ya zaɓo masa gurɓatattu da gangan, ko kuwa kajin da yake cin kofi da su ba a gidansa ake haifarsu ba, sayowa yake yi. Dokar ƙungiya a fili take: kofi na kazar da aka ƙyanƙyashe a gidanka ne, daga iyayen da ke gidanka. Wanda aka kama ya saɓa, zai dawo da kofuna, a goge sunansa daga rajista.

Mai Fenti ya miƙe, ƙirjinsa yana ƙara. "Ku zo ku ɗebi ƙwai goma sha biyu a gidana. Ku ƙyanƙyashe da hannunku. In ɗaya ya fito ba toka ba, ku ɗauke kofunan, ku haɗa da allon."

Aka yi tafi. Aka ce ranar Asabar Sakatare zai je da Mai Kemis da sabuwar alƙaliyar ƙungiya, wata likitar dabbobi da ba ta wuce sa'ar 'yar Mai Fenti ta biyu ba. Ita ce za ta tafi da ƙwan. Tana zaune a gefe ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta dubi furfurarsa ta fasa.

Bai damu ba, don ya san inda ake samun ƙwai goma sha biyu da ba sa ba da kunya. Ranar Juma'a da hantsi ya jira ƙarar rufe ƙofa, ya ɗauki sifana don ko da wani ya gan shi, ya ratsa kicin. Kwandon babu komai. A kan durom ɗin ruwa kuwa ga tire, an lulluɓe da tsabtataccen ƙyalle. Ya ɗaga. Ƙwai goma sha biyu, an jera su tsinin yana ƙasa, yadda ake jera na ƙyanƙyasa.

"Na ware maka," in ji murya a bayansa. "Babu wanda ya wuce kwana shida."

Ungozoma ce a bakin ƙofar kicin, da jakarta a kafaɗa. Ashe ba ta fita ba.

"Wa ya ce miki ƙwai nake nema? Famfo na zo dubawa."

"Malam, shekara huɗu kana duba famfon nan. Ko jaririn da aka haifa a wata bakwai bai samu kulawar da famfon nan ya samu ba."

Ya dubi sifanar da ke hannunsa, ya rasa inda zai ajiye ta.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ƙwai huɗun farko. Mace ta rasa ƙwai huɗu a kwandonta ta ce ba ta sani ba? Daga baya ma ni nake sa maka masu kyau a sama, don na ga hannunka ba ya zurfi."

"To me ya hana ki magana?"

"Da na yi, da ka yanka zakaran nan a ranar. Ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ta yi ba. Ko a daren jiya tunanin ya zo masa, ya kore shi ne kawai don yana bukatar ƙwan.

Ta gyara jakarta. "Kuma ina jin daɗin kallonka kana goge kofunan nan ranar Asabar."

Ya dubi fuskarta don ya gane ko tausayi ne ko wuƙa. Shekara talatin da shida suna tare, bai gane ba. Mai yiwuwa duka biyun ne, kowanne yana zaune daban. Ya tuna ranar da ya miƙa mata kwali na farko, yadda ya ce ga na miya ba tare da ya kalle ta ba, da yadda yake sa ta rufe ƙofar kicin in 'yan ƙungiya sun zo. Ya zaci kaji kawai yake ɓoyewa a baya.

"Yaya aka yi suke fitowa haka?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa. Wannan ce tambayar da ta fi masa ciwo.

"Ni ban san sunansa ba. Na dai karɓi haihuwa ta fi dubu, na ga hancin kaka ya tsallake uwa ya fito a jika. Abu yana shiga jiki ya zauna, ba ya narkewa. Kai ne kake ganin kowa gwangwani ne." Ta nuna tiren da haɓa. "Ɗauka ko ka bari. Na makara."

Ya ɗauka.

Ranar Asabar ya share tsakar gida tun da wuri, ya jera kujeru, ya ajiye tiren a gaban akurkin shahararrun biyun. Mai Kemis ya shigo yana kallon allo yana murmushi. Sakatare ya buɗe rajista a gwiwa. Likita ta durƙusa ta gaishe shi, ta zagaya akurkin shida tana yabawa, ta ɗauki kazar da ta ci kofin bana ta buɗe fiffikenta, ta hura gashin ƙirji, ta ce kwalli irin wannan ba kullum ake gani ba. Sannan ta zauna, ta fito da fensirin da za ta yi wa ƙwan alama. Ba ta rubuta ba.

"Baba, kafin in sa hannu, akwai abin da ban so in faɗa a gaban taro ba."

"Faɗi, 'yata."

"Launin nan ba ya haɗuwa kamar fenti. Kowane tsako yana karɓar ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. A cikinsu akwai mai rage duhun baƙi, akwai wadda ba ta ragewa. Tsakon da bai samu mai ragewa ba, baƙi zai fito. Wanda ya samu ɗaya, toka. Wanda ya samu biyu, sai ya koɗe ya zama fari mai ɗigo. Shi toka yana ɗauke da iri biyun ne, kamar gwangwani biyu da ba a buɗe ba a kan kanta ɗaya. In zai haihu, ɗaya kawai yake miƙawa, kuma ba shi ke zaɓa ba. Shi ya sa toka da toka, in ka tara da yawa, kusan rabi ne toka, sauran baƙi da fari. Ko shekara ɗari aka yi ana tacewa, haka ne."

Mai Kemis ya gyara zama. "Wato nawa ba gurɓatattu ba ne?"

"Lafiyarsu ƙalau. Hanya ɗaya ce ake samun toka duka, a haɗa baƙin da farin. Shi ba shi da mai ragewa, ita tana da biyu, kowane tsako sai ya samu ɗaya. Ina baƙaƙen da fararen da ka samu?"

"Na cinye su," in ji Mai Kemis a sanyaye. "Har na aika wa surukata biyu."

Sakatare ya tuntsire da dariya, ya ga babu wanda ya taya shi, ya haɗiye.

Likita ta juyo. "To, Baba, ga inda muke. In na tafi da ƙwan nan suka fito gauraye, zan rubuta cewa na waɗannan biyun ne, amma ka faɗi a gaban mutane cewa a ɗauke kofuna. In kuma suka fito toka goma sha biyu, a wajen toka da toka wannan sai a yi sau dubbai ba a gani ba. Zan rubuta cewa ban yarda daga akurkin nan suka fito ba. In sa alama?"

Mai Fenti ya dubi tiren. Jiya ya ɗauke shi kamar mai ɗauko ceto, ashe da hannunsa ya kawo shaidar da za ta kama shi. Ya nemi ƙofa ta uku a ransa. Zai iya cewa kazar ba ta da lafiya a ɗaga ranar. Zai iya yin fushi ya ce yarinya ba za ta koya masa launi ba, wannan ma yana da masu saye a ƙungiya. Amma abin da ta faɗa ya zauna daidai a kan abin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana ƙirgawa a bakin inji, shida da uku da uku, kamar ƙofa ta zauna a jikin motarta. Idonsa bai taɓa yarda ya ce abu bai dace ba alhali ya dace.

"In haka ne," in ji Mai Kemis, ya farfaɗo, "to ina iyayen mai kofin? Na ce sayowa yake yi!"

Daga bayan gida zakara ya yi cara, mai kauri, ba irin ta na gaba ba. Likita ta ɗan karkata kai.

Mai Fenti ya dafa gwiwa ya miƙe. "Ku biyo ni. Ku yi hankali da tukwane."

Ya ratsa da su ta kicin, su uku a jere. Ungozoma tana bakin famfo tana wanke kwanon dusa. Ta amsa gaisuwa ba ta miƙe ba, kamar kullum maza masu rajista suke bi ta kicin ɗinta. Likita ta tsaya ta dubi ƙarfen gado da buhuna da igiyar shanya, sannan ta kama zakaran ta juya shi a rana.

"Mama, wa ya zaɓi wannan?"

"Ni. Na huɗu ke nan. Wanda duk na ga ja a wuyansa, ko gashi ɗaya ne, tukunya. Sai mai walƙiyar koren nan nake bari."

"Matan fa?"

"Ki duba ɗigon jikinsu. Wadda ɗigonta yake da ɗan layi a baki, 'ya'yanta suna yin kwalli. Wadda nata ya watse kamar an fesa, ba sa yi. Shekara biyu na yi kafin in gane."

Likita ta buɗe gashin wata tsumma ta duba, ta daɗe. Sakatare ya tsaya da biro a sama.

"To doka dai ba a karya ba ta wajen gida," in ji shi. "A nan aka haife su, iyaye suna nan. Amma kati huɗu an rubuta iyayen da ba su ba. Kuma akwai layin sunan mai kiwo. Me zan sa?"

"Sa nata," in ji Mai Fenti.

Ya faɗa da sauri, kafin wani ya riga shi. Ko a lokacin akwai wani sashe na zuciyarsa da yake lissafi, yana ce masa wanda ya bayar ya fi wanda aka ƙwace wa kyan gani. Ya ji muryar, ya san tasa ce, bai musa ba.

"Ni ba ni da lokacin wuni a ɗakin da yake warin kashin kaji," in ji Ungozoma tana ɗauraye kwano. "A rubuta, amma shi zai riƙa kai su. Ya iya wanka. Kuma in na ba shi tsako arba'in, shi yake nuna wadda za ta ci tun tana wata biyu, ni duk ɗaya nake ganinsu. Wannan kam ba zan ƙwace masa ba."

"Allah ya kiyaye mu da matan da suke shiru," in ji Mai Kemis. "Mama, ba a sayar da gawayi ɗaya?"

"Je ka tambayi surukarka."

Ƙungiya ta zauna a ƙarshen wata. Aka gyara katuna huɗu, aka bar kofuna a gidan da sunan Ungozoma, aka dakatar da Mai Fenti shekara ɗaya daga shiga gasa. Aka kuma ƙara shafi na tara a littafin ƙa'ida, inda Likita ta rubuta yadda toka yake gado. Wasu sun daina ce masa Malam Zalla, wasu kuma sai a lokacin suka fara. Ya ci gaba da zuwa taro yana zama a layin baya. Zakaran baƙi da matansa suka koma akurki na farko a gaba, ƙarƙashin ragar inuwa, inda duk mai wucewa yake hango su ta ƙofa. Kofunan kuwa har yanzu shi yake gogewa ranar Asabar, don ita ta ce ba ta ga amfanin goge abin da ba a shan ruwa da shi ba.

Allon ne ya rage. Wata safiya ya sauke shi ya jingina da katanga, ya fito da gwangwanin baƙi da na fari. Rana da ruwan sama sun canza launin katakon, sai ya yi ta ɗigawa yana juyawa har farin zaren ƙarshe ya ɓace a cikin kwano. Ya shafe ZALLA, ya bar TOKA. Ungozoma ta fito za ta asibiti, ta tsaya ta duba.

"Malam, wurin da ka shafa ya ɗan fi sauran duhu."

Ya tsuguna, ya runtse ido ɗaya, ya daɗe yana kallo. Bai fi ba. Ko da ƙwayar gero bai fi ba. Ya jawo gwangwanin fari, ya buɗe shi da ƙara, ya tsoma sandar juyawa a gefen murfi inda babu komai, ya mayar cikin kwano ya yi ta juyawa yana ƙwanƙwasa bakinsa, har Ungozoma ta kai ƙarshen layi.